Barkono da Baƙin Akwatin Gidan Rediyo

Tun tana ƙarama aka san gidan da take ba zai ga shiru ba. Mahaifinta tela ne, shagonsa a ƙofar gida, kuma shi da bakinsa yake cewa ƙarar kekensa ba ta taɓa danne muryar 'yar nan ba. In ta tsala kuka a ciki, masu jiran ɗinki sai su tambaye shi yara nawa ake duka. A makaranta malamai suka yi ta fama ta rage, da suka gaji sai suka ba ta aikin karanta sanarwa a filin taro, tunda makarantar ba ta da lasifika. Ta gama karatu, ta ɗan taɓa koyarwa, ta yi aure, ta haifi 'ya guda. Yarinyar ba ta gama wayo ba mijin ya rasu. Da dangi suka fara kawo mata zancen wani, sai ta ce bawan Allah ɗaya ya sha surutunta har ya huta, ba za ta ɗauki alhakin na biyu ba.

Rasuwar nan ce ma ta kai ta gidan rediyo. An karanta sanarwa aka ɓata sunan mamacin, aka kuma mai da shi direba alhali kafinta ne. Da ta samu sukuni ta wanke ƙafa ta je, ta tsaya a ɗakin baƙi ta buɗe musu wuta. Tana cikin yi sai wani mutum ya fito daga ciki da takardu a hannu, ya tsaya yana saurare kamar mai jin waƙa. Shi ne mai shirya wasan kwaikwayo na gidan. Ko haƙuri bai ba ta ba, cewa ya yi, "Baiwar Allah, za ki iya maimaita faɗan nan a gaban makirfo?"

"Har da ƙari," in ji ta.

Aka sa ta fito a matsayin wata gwaggo da ta zo gidan ƙanenta da sunan kwana biyu, ta ƙi tafiya. Ba abin da take gani ta ƙyale, daga shara har tarbiyyar yara. Masu saurare suka sa mata Barkono, sunan ya bi ta har ya cinye na yanka. Wata rana a kasuwa ta buɗe baki za ta taya tumatir, mai kayan ta gane muryar, ta janye farantinta ta ce, "Ba zan sayar miki ba sai kin bar gidan ƙanenki!" Barkono ta dawo gida tana dariya har da hawaye, ta ce ranar ce ta san ta iya aiki.

Fiye da rabin rayuwarta ta yi a ɗakin ɗaukar murya, ɗan ƙaramin ɗaki mai bango da soso, da jar fitila a saman ƙofa, da gilashi a tsakiya. A bayan gilashin nan akwai abokin gabarta, Injiniya. Dogo ne siriri, maganarsa a yini ba ta cika cokali. Da ta ɗaga murya sai ta ga ya kai hannu ya murɗa wani abu ƙasa. Ta ce yana rage mata armashi, ya ce tana kashe masa kayan aiki. A haka suka tsufa, ba wanda ya sauke wa wani. Amma shi ne, lokacin da kaset ya fara cin ƙasa, ya zauna ya juye tsofaffin shirye-shirye kaf zuwa kwamfuta. Daga baya ya sa aka sayo wani baƙin akwatin ajiya, ya haɗa shi da kwamfutocin gidan ta waya, ya buɗe wa kowane ma'aikaci folda da sunansa. Duk abin da aka ɗauka, kwafinsa yana can.

Sai gidan ya sauya hannu. Sababbin masu shi suka ce wasan kwaikwayo ya tsufa, kiɗa da shirin kiran waya ake yayi. Aka sallami Barkono da agogon bango da ɗan jawabi. Ba a daɗe ba Injiniya ma ya bi ta, shi ko agogon bai samu ba.

Ta zauna gida tare da 'yarta da jikoki, tana mulkin falo. Can sai murya ta fara dishewa. Ta ce mura ce. Ta sha ruwan zafi, ta sha zuma, abu ya ƙi. 'Yar ta ja ta asibiti da ƙyar. Likita ya zura wata 'yar fitila a maƙogwaronta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai ƙari, sai an yi tiyata. Ya faɗa mata gaskiya: muryar tana iya tafiya gaba ɗaya, in ma ta dawo ba wadda ta sani ba ce.

A mota 'yar ta kifa kai a sitiyari ta fashe da kuka.

"Share hawayenki, ba wuyanki za a yanka ba," in ji Barkono. "Ta da mota. Gidan rediyo za mu."

"Mama, yanzu? Me za ki yi a can?"

"Muryata zan karɓo. Kafin su ɗauke wadda ke wuyana, ina son waccan a hannuna."

Wanda ke kula da na'urorin gidan a lokacin wani magidanci ne mai ƙiba da sanyin hali, kowa Mai Kwamfuta yake ce masa. Ofishinsa ɗaki ne mara taga, sanyi kamar cikin firji, shi ya sa kullum yana cikin rigar sanyi. Ya tarbe ta da murna, ya ce da wasanta aka yaye shi. Ya nuna mata akwatin a kan kanta, baƙi, bai fi murhun tebur girma ba, fitilunsa shuɗaye suna ƙyaftawa. Ya zauna ya lalubo, sai ga folda da sunanta a allo. Ya danna. Wani ɗan saƙo ya fito. Ya sake dannawa, saƙon ya sake fitowa.

"Me ya ce?" ta tambaya.

"Gwaggo, ya ce ba mu da izinin buɗewa."

"Wa ya ce?"

"Akwatin."

"Akwati ne zai ba ni izini? Ka faɗa masa ni ce."

Mai Kwamfuta ya danne dariya, ya yi mata bayani a hankali. Ranar da ta bar aiki an goge sunanta daga cikin ma'aikatan da na'ura ta sani. Akwatin dai ya riƙe cewa foldar nan tana da mai ita, kuma mai ita kaɗai zai buɗe wa. Ya nuna mata gurbin da ya kamata sunan mai kaya ya fito: ba suna, sai wata doguwar lamba kamar tsutsa.

"Wannan lambar ita ce ke a da. Yanzu ba ta kowa ba ce."

"Wato na mutu, gadona kuma ba magaji."

"Allah ya kiyaye, Gwaggo."

"To kai fa? Ba kai ne mai ɗakin ba?"

Ya ce mabuɗinsa ƙarami ne, na zuba sabon kaya kawai. Babban mabuɗi, kalmar sirrin da ke iya sauya mai kaya, tana wurin wanda ya kafa akwatin. Ya ce akwai wani ɗan rami a bayan akwatin da ake zura tsinke a sake kalmar, amma in hannu ya zarce ana iya share komai, kuma tarihin gidan duka yana ciki. Manaja ya hana ko kusantar ramin.

Ta hau sama wurin Manaja. Sa'an 'yarta ne, mai fara'a, irin mutanen da ke cewa a'a suna murmushi. Ya miƙe ya ba ta kujera, ya yi mata sannu da mura. Da ya ji buƙatarta sai ya haɗa yatsu ya ce ai duk abin da aka ɗauka a gidan nan kayan gida ne, shi ba shi da hurumin fitar da shi.

"Ɗana," ta ce, "lokacina na ba gidan nan, ban ba shi maƙogwarona ba. Kuna sa wasan?"

"A'a, Gwaggo, tsarinmu ya sauya."

"Kuna iya buɗe shi?"

"To... a yanzu dai a'a."

"Ba ku ci, ba ku iya buɗe tukunyar, kun kuma hana mai girki. Wannan wace irin rowa ce?"

Ya yi dariya, ya ce zai duba. Ta san irin wannan dubawar.

A hanyar gida 'yar ta ce, "Mama, ki bari in gaya masa maganar asibiti. Wallahi yana ji zai ba ki."

Barkono ta juyo gaba ɗaya. "Kika kuskura, ni da ke ne. Ba bara na je ba. Ba zan tsaya gaban yaron nan in nuna masa wuyana don ya ji tausayina ba. Abina ne ina da lafiya, abina ne ba ni da ita."

Washegari ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta ɗauki filas ɗin ruwan zafi, ta je ta zauna a ɗakin baƙin gidan rediyon. Ba ta nemi ganin kowa ba. Haka ta yi jibi, haka ta yi gata. Duk wanda ya shigo sai ta gaishe shi, kuma ko a dishe muryar ba ta ɓuya. Mutane su yi turus, su ce, "Kai! Barkono?" Sai ta gyara zama ta koma gwaggon nan ta wasa, ta kushe takalmin wannan, ta tambayi wancan ko matarsa ce ta bar shi ya fito da wannan rigar. Ɗaki ya cika da dariya. Baƙin da aka gayyato shiri suka riƙa makara, sai an fito an janye su. In an tambaye ta me take yi a nan, sai ta ce, "Muryata aka kulle a akwati, ina jiran a ba ni izinin jin kaina."

Da yamma in ta koma gida wuyan kamar an zuba garwashi, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. 'Yar ta ce likita fa ya ce ta huta da magana. Ta ce hutu na nan zuwa, mai yawa ma.

Ana haka wani baƙo da aka gayyato ya yi bayanin kiwon kaji, yana cikin shiri kai tsaye, ya ce kafin ya fara yana son ya san dalilin da ya sa aka bar Barkono zaune a ƙofa. Shi ke nan. Masu kiran waya suka manta da kaji. Wannan ya ce a ba ta kayanta, waccan ta ce ita dai a dawo da wasan. Kafin a rufe shirin Manaja ya sauko da kansa, murmushin ya ragu.

"Gwaggo, kin tara mana jama'a. Na yarda ki kwafa, asalin ya zauna a nan. Amma ba mai taɓa ramin nan. In kin samo kalmar sirri, bismilla."

Ya faɗa ne don ya san yadda aka rabu da Injiniya.

Ta same shi a wani lungu bayan tashar mota, cikin shago mai faɗin tabarma biyu, ya cika da matattun lasifikoki da rediyoyi, ƙaurin dalma ya turnuƙe. Ya ƙara ramewa, gashi ya yi fari fat. Yana sunkuye a kan wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Ta yi sallama, bai ɗago ba. Ta sake.

"Zagayo ta dama," ya ce. "Kunnen hagun ke kika kashe shi."

Ta zagaya, ta ture wata lasifika ta zauna a kai, ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Ya ci gaba da aikinsa har ta gama.

"Na rantse ba zan sake taka gidan nan ba," ya ce. "Ranar da suka sallame ni, mabuɗin ofis suka karɓa, da katin shaida na wuya. Ba wanda ya tambaye ni na akwatin. Na tsaya a ƙofa ina jira a tambaya, ba a tambaya ba. To su ci kansu."

"Su ci kansu mana, ni ina ruwana? Nawa nake so."

"Ki je su ba ki."

"Kai dai har yanzu baƙin halinka na nan. Shekara da shekaru kana murɗe ni, yanzu kuma ka kulle ni ka tafi da mabuɗi."

Sai ya ajiye abin hannunsa. Ya juyo da kunnen dama sosai, kamar yadda yake yi a bayan gilashi in ya ji wata ƙara da ba ta gamshe shi ba.

"Sake magana."

"In ce me? Ka kurumce ne gaba ɗaya?"

Ya kafe ta da ido. "Wannan ba mura ba ce."

"Ba ruwanka."

"Yaushe za su yi aikin?"

Ta kau da kai tana kallon titi. Wata mota ta wuce, wani mai baro ya wuce. "Ya kusa," ta ce. "Kuma in ka gaya wa wani, sai na kashe maka na daman."

Injiniya ya zare abin dalma daga wuta, ya goge hannu, ya jawo ƙofar shago.

Mai gadi ya so ya tsayar da shi a ƙofar gidan rediyo, Barkono ta ce ɗan rakiyarta ne, mai riƙe mata filas. Suka shiga ɗakin sanyi. Mai Kwamfuta ya tashi ya ba shi kujera da girmamawa. Injiniya ya dubi akwatin, ya shafa ƙurar da ke kansa da yatsa, ya dubi Mai Kwamfuta. Ya zauna ya rubuta kalma. Akwatin ya ƙi. Ya yi tunani, ya rubuta wata. Ya ƙi.

"Baba, a yi a hankali," in ji Mai Kwamfuta. "In kuskure ya yi yawa zai kulle kansa."

Injiniya ya janye hannu ya ɗora a cinya. A karon farko Barkono ta ga tsoro a fuskarsa, kuma ba ta ji daɗin ganinsa ba. Ta san lallashi ba ya ci a wurinsa, ita ma ba ta iya ba.

"Na faɗa!" ta ce. "Dama can ba abin da ka iya sai murɗe-murɗe. An ɗauko tsoho daga cikin bola an ce injiniya ne. Tashi mu tafi, kar ka ƙona musu akwati."

"Ke dai bakinki ba zai mutu ba," ya ce cikin fushi, ya juya ya kai hannu bai ko duba ba. Yatsun suka yi ta kansu. Allo ya buɗe.

Mai Kwamfuta ya yi tafi. Barkono ta ce mece ce kalmar, Injiniya ya ce ba ruwanta. Nan take ya sa Mai Kwamfuta ya sauya ta da tasa, ya ce shi ya sauke kaya.

Ta ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Suka cire doguwar lambar nan suka sa sunan Mai Kwamfuta a matsayin mai kaya, foldar ta buɗe. A ciki akwai wasu foldoji, kowace shekara da tata, kuma kowace suka taɓa sai saƙon nan ya fito.

"Ƙofar gida muka buɗe," in ji Mai Kwamfuta. "Ɗakunan ciki kowanne da kwaɗonsa."

Ya umarci akwatin ya bi su duka, ɗaki da ɗaki, fayil da fayil, ya sauya mai su. Wani koren layi ya fito yana jan ciki kamar hawainiya. Suka zauna jira. Barkono ta zuba wa kowa ruwan zafi a murfin filas, suna karɓa bi da bi. Can layin ya tsaya, ya ce wasu fayilolin sun gagara, sunayensu sun yi tsawo. Mai Kwamfuta ya zaɓi ɗaya ya fara karanta sunansa, sai ya toshe baki.

"Karanta mana," ta ce.

"Gwaggo, ba ni na rubuta ba."

"Karanta!"

"'Kashi na tara, wanda ta yi ihu har allurar na'ura ta kwanta, na ce ta sake ta ƙi, Allah ya isa.'"

Ta juya ta dubi Injiniya. Shi kuwa ya tsura wa silin ido. Mai Kwamfuta ya karanta na gaba: "'Ranar da ta zo da mura ta tofe min makirfo.'" Da na gaba: "'Wannan ta yi kyau amma kar a gaya mata.'"

Dariya ta kama ta, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da ta dafa kanta. Da ta samu numfashi ta ce kar a goge ko harafi. Mai Kwamfuta ya ce dole a gajarta kafin su kwafu. Ta ce to a gajarta na gidan, nata a bar mata yadda suke. Ya yi ta dabara har ya samu hanya: ya fito da su daga can cikin foldoji zuwa sama, inda tsawon bai dame su ba.

Ba duka aka samu ba. Na farko-farkon, waɗanda aka juyo daga kaset, da yawa sun buɗe amma ba komai sai shuuu kamar ruwan sama. Har da fitowarta ta farko. Injiniya ya ce kaset ɗin sun riga sun lalace tun kafin ya juye su. Ta ce wanda ya tafi ya tafi, a sa mata wanda ke da rai.

Mai Kwamfuta ya danna ɗaya. Murya ta cika ɗakin, sabuwa gar, mai kaifi, tana yi wa wani faɗa a kan ya bar buta a hanya. Barkono ta saurara da kai a karkace har aka kai ƙarshe.

"Yarinyar nan tana sauri da yawa," ta ce. "Ba ta bari magana ta zauna."

"Na sha gaya miki," in ji Injiniya.

Aka juye komai a wani ɗan faifan ajiya da 'yarta ta sayo, bai fi tafin hannu ba. Ta sa shi a jaka ta fita ta gaban ofishin Manaja, ta leƙa ta ce masa ya gyara kujerun ɗakin baƙi, suna sa ciwon baya.

A gida aka taru a falo, jikoki a ƙasa, 'yar ta jona faifan a kwamfutarta ta danna. Sai ga ɗan saƙon nan.

"Mama... ya ce ba mu da izini."

Barkono ta miƙe tsaye. Muryar a lokacin saura raɗa, amma raɗar ta sa jikoki suka ja baya. "A gidana? A kan teburina? Kira min mai rigar sanyin nan!"

Mai Kwamfuta ya ba da haƙuri a waya, ya ce kwaɗon ne ya biyo kayan, har yanzu suna ganin shi ne mai su. Amma abin da sauƙi, tunda a wannan kwamfutar su ne masu gida. 'Yar za ta fara bin abin da yake faɗa, Barkono ta ture hannunta ta zauna. Ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Kibiyar ta yi ta gudu tana ɓacewa, ta yi ta zaginta tana dawo da ita. Ya ce ta danna nan, ta danna. Ya ce ta goge sunansa, ta ce da murna. Ya ce kar ta manta ta sa alama a ɗan gurbin da ke cewa har na ciki. Ta sa. Koren layi ya ja cikinsa ya kai ƙarshe, ta danna da kanta, gwaggon wasa ta fara faɗa a falon. Ƙaramin jikan ya dubi kwamfuta, ya dubi kakarsa, ya ce, "Wannan matar ta fi ki masifa." Ta ce ya jira ta warke.

Aka yi tiyata. Ta daɗe ba magana, tana mulkin gida da cokali da kofi: bugu ɗaya ruwa, bugu da yawa kowa ya shiga taitayinsa. Injiniya yakan zo ya zauna a bakin ƙofa, su yi shiru tare, ya tashi ya tafi. Ya ce bai taɓa jin daɗin hira da ita kamar wannan ba. Ta jefe shi da filo.

Da muryar ta tashi dawowa, sai ta dawo ƙasa-ƙasa, a kausashe, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Wanda bai gan ta ba zai rantse namiji ne. 'Yar ta shiga ɗaki ta yi kukanta a ɓoye. Barkono kuwa ta yini tana gwada ta a banɗaki, inda sauti ya fi fita, tana neman inda take da ƙarfi da inda take karyewa.

Faifan yana cikin durowarta, ba ta cika kunna shi ba. 'Yar ce ta juye wasu a waya tana ji a hanyar aiki. Wata maƙwabciya ta tambayi Barkono, to me ya sa ta tayar da hankalin gari a kan abin da ba ta saurare? Ta ce, "Nawa ne. In na ga dama in ji, in na ga dama in bar shi ya yi ƙura."

Bayan an kwana biyu wasu tsofaffin abokan aikinta suka haɗa kai suna shirya wasan kwaikwayo da ake saurare a waya. Suka zo gaishe ta, cikin kunya suka ce ko za ta riƙa duba musu rubutu, tunda dai yanzu sai a hankali. Ta karɓi takardun ta duba. Akwai wani tsohon mai gadi a labarin, mai rowa da baƙin rai, ba su samu wanda zai yi shi ba. Ta gyara zama ta karanta layinsa na farko. Suka dubi juna.

Yanzu ita ce tsohon. Masu saurare suna ta tambayar ina aka samo dattijon nan, ta hana a faɗa. Rigimar da ake ciki a 'yan kwanakin nan ita ce, marubucin ya ce labari ya kai inda tsohon zai mutu. Ta aika masa cewa ya kuskura ya gani.